Dokin da ke ɗingishi da aminin da ya ƙi sauka

A kusan duk garin da ake kiwon dawaki a arewacin Najeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar, ba a rasa mutum guda wanda kowa ya san dokinsa ba shi da lafiyar ƙafa, in ban da shi mai dokin.

'Yan barga sun sani, masu kawo harawa sun sani, abokan hawansa ma sun sani. Amma da la'asar ta yi sai a ga ya ɗaura sirdi ya fita kilisa, dokin na ɗaga kai sama a kowane taku, jama'a kuwa kowa ya kawar da ido.

Wanda lamarin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne amininsa na shekara da shekaru. Idan ya yi magana, yana gudun a ce hassada yake yi, ko kuma ya raina abin da abokinsa ya fi ƙauna. Idan kuma ya yi shiru, yana fargabar ranar da za a bugo masa waya daga asibiti.

Wannan fargaba dai ba raki ba ce. Abin da likitocin dabbobi suka sani game da ƙafar doki ya nuna cewa mai wannan damuwa yana da hujja, ya kuma nuna dalilin da ya sa sau da yawa mai doki ne yake zama na ƙarshe wajen gane cewa dokinsa na fama da ciwo.

Abin da ya sa maganar ke da nauyi

A ƙasar Hausa doki ya wuce abin hawa. Ana danganta kafuwar hawan Sallah na Kano da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. A Katsina kuwa, Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo sun mayar da wasan ƙwallon dawaki abin alfahari ga masarautar.

Saboda haka mutum kan ɗauki dokinsa tamkar wani ɓangare na mutuncinsa. Yana iya jurewa a kushe motarsa, to amma a ce masa akawal ɗin da ya yi Sallah bakwai a kansa gurgu ne, wannan magana ce da ke iya ɓata zumunci.

Akwai kuma batun kuɗi. Lokacin Sallah da bukukuwan angwanci ne masu ba da hayar dawaki ke fanshe abin da suka kashe wajen harawa da dusa na watanni. Dokin da aka ɗaure a turke yana jinya kuwa ci kawai yake yi, ba ya kawo ko kwabo.

Yadda ake gane ɗingishi

Likitocin dabbobi sun ce doki ba ya ɗingishi don ƙiwa ko don salo. In ban da 'yan lokuta ƙalilan da wata tsohuwar tabo ke hana gaɓa miƙewa, ɗingishi alama ce ta cewa wani wuri na yi wa dabbar ciwo.

Abin da ke rikita mutane shi ne doki ba ya kuka. Kare idan aka taka masa ƙafa unguwa duka za ta ji, amma doki na iya tafiya da mugunya a cikin kofato bai yi ko haniniya ba. Masana halayyar dabbobi na danganta haka da asalinsa na dabbar da ake farauta a daji, inda wadda ta nuna rauni ita ce namun dawa ke fara bi.

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki yana kan ƙafafunsa na gaba ne, kuma a can ne ɗingishi ya fi yawa, galibi daga gwiwa zuwa ƙasa, musamman ma a cikin kofato.

Idan ciwon na ƙafar gaba ne, doki kan ɗaga kansa sama a daidai lokacin da ƙafar mai ciwo ta taɓa ƙasa, domin ya rage mata nauyi, sannan ya sauke kan idan mai lafiyar ta taka. Mutane da yawa kan juya wannan ƙa'ida, su zargi ƙafar da kan ya sauka a kanta, alhali ita ce lafiyayyar.

Idan kuma na baya ne, a ƙugu ake dubawa. Mutum ya tsaya a bayan dokin, a ja shi yana nisantarsa, zai ga ɓangare ɗaya na ƙugun yana hawa da sauka fiye da ɗayan. Wani lokaci kuma dokin kan riƙa jan bakin kofato a ƙasa, har a ga gaban kofaton ya sile.

Ba a kuma yin wannan gwaji da mahayi a kai yana riƙe da linzami. Ana sauke sirdi ne, a sa ragama, a sassauta igiya yadda kan dokin zai sake, a ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri wadda ba ta da gargada. Daga nan a zagaya da shi da'ira, hagu da dama, domin ɗingishin da ya ɓuya a miƙaƙƙiyar hanya kan fito fili a kwana. Kunne ma na taimakawa: ƙarar takun lafiyayyen doki daidai take fita, ta mai ciwo kuwa ɗaya kan fi ɗaya nauyi.

Ƙungiyar likitocin dawaki ta Amurka tana auna ɗingishi daga 0 zuwa 5. Mataki na 1 shi ne wanda ke da wuyar gani kuma ba kullum yake fitowa ba, na 3 ana ganinsa duk lokacin da dokin ya yi sassarfa, na 4 ana ganinsa ko a tafiyar hankali, na 5 kuwa dokin ba ya iya ɗora nauyi a kan ƙafar. Abin lura a nan shi ne, kafin ɗan kallo na gefen titi ya ce wancan dokin gurgu ne, lamarin ya riga ya kai mataki na 3 ko na 4.

Mafi ɓoyuwa shi ne dokin da ƙafafunsa biyu na gaba duka ke ciwo. Wannan ba ya gyaɗa kai, domin ba shi da lafiyayyar ƙafar da zai jingina a kanta. Sai dai takunsa ya gajarta, ya riƙa tafiya a takure kamar mai taka ƙaya, ya kuma yawaita tuntuɓe.

Me ya sa mai doki ba ya gani?

Ba lallai ne taurin kai ko rashin tausayi ba. Ciwon gaɓa ko na kofato kan shigo ne a hankali, cikin watanni, kuma jikin mahayi kan saba da sabuwar tafiyar har ya ɗauka dama haka dokinsa yake. Hausawa sun ce sabo turken wawa, ko da yake a nan turken kan kama har da masu wayo.

A 2014 likitar dawaki Sue Dyson da abokiyar aikinta Line Greve sun wallafa sakamakon wani bincike da suka yi a Ingila kan dawakin wasa 506, waɗanda duk ana hawansu yau da kullum a matsayin lafiyayyu. Kusan rabinsu an same su da ɗingishi ko wata tangarɗa a tafiya. Wannan fa a ƙasar da likitan dawaki da mai gyaran kofato ba su da wuyar samu ke nan.

Daga baya, a 2018, Dyson da wasu masana sun fitar da jerin halaye 24 da doki ke nunawa idan ana hawansa yana jin ciwo. Daga ciki akwai kwantar da kunnuwa baya na tsawon lokaci, da buɗe baki, da fito da harshe, da yawan kaɗa kai sama da ƙasa, da karkatar da kai, da yawan kaɗa wutsiya, da gardama, da tutsu, da miƙewa a kan ƙafafun baya, da tuntuɓe. Sun ce idan aka ga 8 ko fiye daga cikinsu a doki guda, to akwai alamar ciwo a ƙashi ko tsoka ko gaɓa. A gwaje-gwajen da suka yi, da aka kashe zafin ciwon da allura, yawancin halayen sun ragu.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Daushe ko hawan Bariki zai ga inda matsalar take a wurinmu. Dokin da ke kaɗa kai, yana buɗe baki, yana taka rawa wuri guda, yana miƙewa sama, shi ne wanda maroƙa ke yi wa kirari, 'yan kallo na cewa ingarma ne mai zafin jini. Wasu dawakin lallai horo aka yi musu don haka. Wasu kuwa ciwo ne, kuma daga nesa ba a bambance su.

Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne, ga kuma ƙaimi. Dokin da aka matse tsakanin waɗannan biyu zai ci gaba da tafiya ko da ƙafarsa na yi masa zugi, kuma riƙon linzamin kan hana kan nasa yin motsin da zai tona ɗingishin. Mahayi sai ya sauka ya ce ai lafiya lau ya kai shi ya dawo da shi.

Daga ina ciwon ke fitowa?

Wani lokaci abin ƙarami ne. Ƙusa ko ƙaya ko tsakuwa ta shiga tafin kofato, wurin ya tara mugunya, doki ya wayi gari ba ya iya taka ƙafar, har a zaci karaya ce. Da an buɗe wurin mugunyar ta fita, sauƙi kan zo cikin 'yan kwanaki. Haɗarin da ke tattare da irin wannan rauni shi ne cutar tetanus, wadda ake kira sarƙe-haƙora, domin doki na daga cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa, ko da yake akwai allurar rigakafinta.

Da damina kuma, tsayuwa cikin dagwalon kashi da fitsari kan ruɓar da tsakiyar tafin kofato, ya riƙa wari yana fitar da baƙin ruwa. Haka nan kofaton da aka bari ya yi tsawo kan canza yadda nauyi ke sauka a kan gaɓoɓi da agara. Ƙa'ida ita ce a gyara shi duk mako 6 zuwa 8. Dabaibayin da aka ɗaure tamau ma kan yanka ƙafa a sama da kofato.

Sai dai wanda ya fi dacewa masu dawakin Sallah su sani shi ne kumburin cikin kofato, wanda likitoci ke kira laminitis. Ƙashin ƙarshe na ƙafar doki yana rataye ne a jikin bangon kofato ta hanyar wasu siraran tsoka masu kama da shafukan littafi. Idan suka kumbura sai riƙon ya saki, ƙashin ya karkace ko ya nutse ƙasa, a wasu lokutan har ya huda tafin kofaton.

Ɗaya daga cikin sanannun abubuwan da ke haddasa shi shi ne cin hatsi da yawa a lokaci guda. To ga yadda al'adar take a gidaje da dama: doki ya shafe watanni a turke ba ya aikin komai, Sallah na matsowa sai a buɗe masa gero da dawa don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, ranar hawa kuma a sa shi sukuwa da zamiya a kan kwalta. Da wuya a tsara hanyar da ta fi wannan saurin lalata ƙafar doki.

Mai wannan ciwo kan tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya koma da nauyinsa baya, kofaton ya yi zafi, jijiyar jinin da ke bayan idon sawu ta riƙa bugawa da ƙarfi. Likitoci na ɗaukar sa a matsayin lamarin gaggawa, kuma tilasta wa dokin tafiya a wannan hali yana ƙara yage abin da ya rage.

Wannan tsari na hutu da hatsi sannan aiki kwatsam kan jawo wata matsalar ta daban, inda tsokar ƙugu ke sandarewa, doki ya jiƙe da gumi ya ƙi motsi, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi. Mahayin da bai sani ba sai ya ɗauka gardama ce, ya ƙara masa bulala.

Akwai kuma raunin agarar da ke bayan ƙwauri, wadda kan kumbura ta yi baka. Zafinta kan lafa cikin 'yan makonni, wannan ne kuma tarkon, domin ita agarar tana buƙatar wata 9 zuwa shekara guda kafin ta yi ƙwari, kuma ko bayan hakan tana da saurin sake tsinkewa. A tsofaffin dawaki kuwa ciwon gaɓoɓi ya fi yawa. Shi ne wanda mai doki ke cewa da safe ne kawai yake yi, da ya yi ɗumi sai ya ware. Gaskiya ne yana warewa, amma gaɓar ba ta warke ba.

Nauyin kaya ma na da tasiri. Wani ƙaramin bincike da aka wallafa a Amurka a 2008, kan dawaki 8, ya nuna cewa bugun zuciya da tsamin jiki sun ƙaru da aka ɗora musu kashi 25 da kashi 30 cikin 100 na nauyin jikinsu, idan aka kwatanta da kashi 15 ko 20. Idan aka bi ma'aunin kashi 20, doki mai kilo 350 bai kamata ya ɗauki fiye da kilo 70 ba, har da sirdi. Mai karatu na iya ƙiyasta nauyin magidanci da alkyabba da rawani, da sirdin itace, da jalala, da likkafa, da sauran kayan ado.

Haɗarin da ke kan mahayi

Doki a guje kan yi kilomita 40 zuwa 50 a sa'a guda, kan mahayinsa kuwa ya haura mita 2 daga ƙasa. Lafiyayyen doki idan ya yi tuntuɓe yakan yi wuf ya tare kansa da ɗaya ƙafar. Wanda ƙafarsa ke ciwo ya fi yawan tuntuɓe, kuma ya fi kasa tare kansa. Idan ya kifa ta gaba, mahayi ta kansa yake sauka, wani lokaci kuma dokin ya bi ta kansa.

Ba sai ana sukuwa ba. A watan Maris na 2010 Courtney King-Dye, wadda ta wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 2008, tana horar da wani doki a Florida sai ya yi tuntuɓe ya faɗi da ita. Ba ta sanye da hular kwano. Ta shafe kusan wata guda cikin doguwar suma, ta kuma tashi da rauni a ƙwaƙwalwa wanda ya canza rayuwarta. Haɗarin nata na daga cikin abubuwan da suka tayar da muhawara kan hular kwano, kuma daga 2021 hukumar wasannin dawaki ta duniya ta wajabta sanya ta a gasanninta. Mahayan Sallah kuwa rawani ne a kansu.

Wani darasin daga filayen tsere ya fito. Tsakanin Disamban 2018 da Yunin 2019 dawaki 30 ne suka mutu a filin Santa Anita da ke jihar Kalifoniya. Da hukumar tseren dawaki ta jihar ta binciki gawarwakin wasu daga cikinsu, ta gano cewa kusan dukkan waɗanda suka karye suna da tsohuwar illa a daidai wurin da ƙashin ya karye. Wato karayar da 'yan kallo suka gani kamar ta zo kwatsam ta daɗe tana haɗuwa.

Ita ma lafiyayyar ƙafar ba ta tsira ba. Barbaro, dokin da ya lashe gasar Kentucky Derby a 2006, ya karye a ƙafar baya ta dama makonni biyu bayan nasarar. An yi masa aiki, ƙashin ya kama hanyar haɗewa, amma ƙafar hagu da ta ɗauki nauyin sai ta kamu da kumburin cikin kofato. A watan Janairun 2007 likitoci suka yanke shawarar kawo ƙarshen wahalarsa.

Abin da ya fi duk waɗannan ban tsoro shi ne maganin kashe zafi. Fenilbutazon da makamantansa na da amfani idan likita ya rubuta su ga dokin da ke hutawa. Amma a ɗirka wa doki allura da safe domin ya iya fita hawa da yamma, wannan kashe ƙararrawa ne a bar gobara na ci. Dokin zai taka ƙafar da ƙarfinsa duka tun da ba ya jin gargaɗin da jikinsa ke yi masa. Ga shi kuma maganin na iya jawo gyambon ciki da lalata ƙoda, musamman ga dabbar da ta sha rana ba ta sha isasshen ruwa ba. Hukumar wasannin dawaki ta duniya ba ta yarda doki ya shiga gasa da shi a jininsa ba.

A wurin hawan Sallah kuma ba mahayi kaɗai ke cikin haɗari ba. Jama'a kan yi dafifi a bakin hanya, yara a gaba, babu shinge. 'Yan sanda a Kano sun sha haramta kilisa da sukuwa a titunan birnin bisa dalilan tsaro.

Addini da doka

Ga Musulmi, batun bai tsaya kan lafiyar mahayi ba. A cikin Sunan na Abu Dawud an ruwaito labarin wani raƙumi da ya zubar da hawaye da ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda Annabi ya nemo mai shi ya yi masa faɗa kan barin dabbar da yunwa da kuma gajiyar da ita. A cikin littafin kuma akwai hani ga mayar da bayan dabba wurin zama ana hira.

Malamin nan na Shafi'iyya, Izzuddin bin Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan masu su a cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Daga ciki akwai kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, da kuma ci gaba da ciyar da su ko da tsufa ko ciwo ya sa ba a amfana da su.

Shi ma likitancin dawaki ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. A ƙarni na 14 Abubakar bin Badruddin, likitan bargar Sarkin Masar Nasir Muhammad bin Ƙalawun, ya rubuta littafi sukutum kan kiwon dawaki da cututtukansu.

Ta fuskar doka, sashe na 495 na kundin laifuka da ke aiki a kudancin Najeriya ya ambaci wahalar da dabba ta hanyar hawa ko lodi fiye da kima, haka ma kundin Penal Code na Arewa ya mayar da zaluntar dabbobi laifi. Sai dai ba kotu ce ke gaban aminin da ke cikin damuwa ba.

To, yaya aboki zai yi?

Malamai sun daɗe suna bambanta nasiha da tozartawa, kuma bambancin galibi yana ga wurin da aka yi maganar. Wanda aka ce wa dokinsa gurgu ne a gaban 'yan majalisa zai kare kansa ne, ya hau dokin gobe don ya nuna ƙarya ake yi masa. A keɓe ake yin irin wannan magana, kuma ba ranar hawa ba, bayan an riga an ɗinka kaya an gayyaci jama'a.

Ya fi kyau kuma aboki ya faɗi abin da idonsa ya gani, kada ya yanke hukunci. Mutumina, jiya na ga Bikili ya yi tuntuɓe sau uku tsakanin ƙofar gari da filin Idi, zo mu ja shi mu gani. Wannan ta fi shiga kunne a kan a ce masa yana zaluntar dabba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai yiwuwa ne shi ma abin ya daɗe yana yi masa yawo a zuci, tsoron amsar ce ta hana shi tambaya.

Wayar hannu ta sauƙaƙa wani abu da a da yake da wuya. Mahayi bai taɓa ganin dokinsa daga ƙasa yana tafiya da shi a kai ba. Hoton bidiyo na rabin minti, a ɗauka ta gaba da ta baya da ta gefe, a rage masa gudu, yakan yi abin da gardamar wata guda ba ta yi ba.

Daga nan abin da ake nema guda ɗaya ne, wato likitan dabbobi ya ga dokin. Ba aikin aboki ba ne ya faɗi sunan cutar, kuma idan ya faɗa ya kuskure, an rufe maganar ke nan har abada. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri duk suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, ban da asibitocin gwamnatocin jihohi da likitoci masu zaman kansu. Aminin da ke da hali yana iya ɗauko likitan da kansa ya biya, ya kuma ara wa abokinsa doki na wannan Sallar. Sau da yawa abin da mutum ke gudu ba jinyar ba ce, a gan shi a ƙasa ranar hawa ne.

Idan maganar ba ta shiga ba, akwai waɗanda ake jin nauyinsu a wannan harka: shamaki, ko tsohon ɗan barga da ya raini dokin, ko hakimin da ake hawa a tawagarsa. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne mai maganin da zai zo da wuta ya yi wa ƙafar lalas. Turawa ma sun daɗe suna ƙona agarar doki da ƙarfe, kafin hukumar likitocin dabbobi ta Biritaniya ta juya wa al'adar baya saboda babu hujjar tana magani. Idan an ga sauƙi bayan lalas, hutun dole da ƙunar ta jawo ne ya kawo shi.

Baligi yana da ikon ya jefa kansa cikin haɗari, kuma aboki ba shi da ikon ƙwace masa linzami. To amma akwai iyaka. Idan aka ɗora yaro a kan wannan doki, ko aka ba da shi haya ga wanda bai san halinsa ba, ko za a yi jafi da shi a tsakiyar taro, to shiru ya daina zama kara. A nan ya wajaba a gaya wa uban yaron, ko mai hayar, ko jagoran tawagar, ko da abokin zai yi fushi.

Ya kamata kuma mai nasiha ya shirya jin cewa lamarin bai kai yadda yake tsoro ba. Ba kowane doki mai ɗingishi ne aikinsa ya ƙare ba. Likita zai matsa kofaton da awartaki ya ji inda ke ciwo, ya lanƙwasa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, ya yi allurar kashe zafi daga ƙasa zuwa sama har ya gano inda ɗingishin ya ɓace, inda akwai na'ura kuma ya ɗauki hoton ƙashi. Tsohon doki mai ɗan ciwon gaɓa sau da yawa tafiyar hankali a kan yashi ta fi masa amfani a kan tsayuwa a turke. Abin da za a hana shi shi ne sukuwa, da zamiya, da kwalta, da mahayi mai nauyi.

Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kimanin kwana 70 ne. Dokin da mugunya ce kawai a kofatonsa, ko wanda gyaran kofato ya yi wa jinkiri, zai iya warkewa ya fita hawa na biyu. Wanda agararsa ta tsinke, ko wanda ƙashin cikin kofatonsa ya karkace, sai dai a yi maganar baɗi, domin sabon kofato kansa yana ɗaukar kusan shekara guda kafin ya tsiro daga sama har ƙasa.